Makullin Saje Mudi

Saje Mudi mutumin Kiru ne. Ya shiga soja a shekarar 1967, ya yi yaƙin basasa daga farkonsa har ƙarshensa, ya dawo da igiya uku a hannun riga da kunnen hagu da ya daina ji. Aikinsa a bataliya shi ne kula da harsasai da nakiya, a nan kuma ya ga abin da sakacin mutum ɗaya ke jawo wa mutum ashirin. Bayan an sallame shi ya koma noma. A farkon 1974 wani kamfanin haƙar kuza da ke aiki a bayan duwatsun Riruwai ya aiko nemansa, suna son wanda zai shugabanci masu gadin siton da suke ajiye nakiyar fasa dutse. Ya ɗauki matarsa Lantana da 'ya'yansu biyu suka tare a barikin ma'aikata.

Siton ɗaki ne na dutse mai ƙofar ƙarfe, an kewaye shi da waya, nesa da gidaje da ramin haƙa. Ranar da ya fara zuwa ya tarar da uku daga cikin masu gadi tara suna barci a gindin ɗorawa, na huɗu kuma yana zaune a bakin ƙofar siton yana shan taba. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya karɓi tabar ya fita da ita bayan waya ya kashe, ya dawo ya ciro ashanar da ke aljihunsa ya jefa a wani tsohon gwangwani, ya ce daga yau duk mai shiga nan a cikin gwangwanin nan zai bar tasa, har Manaja.

Haka ya riƙa tafiyar da su. Wurin tsayuwar da kowa ke gudu, wato kan falalen dutsen da babu inuwa, shi yake ɗauka da tsakar rana. Kwano ɗaya yake ci da su. Ya yi ta zarya ofis har aka saya musu rigunan ruwa da takalma marasa ƙusa. Bayan la'asar kuma yakan tara waɗanda ba sa kan aiki ya koya musu boko da lissafi a jikin wani ƙyauren da ya shafa wa baƙin fenti, domin a ganinsa mai gadin da ba ya iya karanta takardar da aka miƙo masa, kowa ma zai iya wucewa ta gabansa. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne kwaɗo na biyu. Da can kwaɗo ɗaya ne a ƙofar siton. Ya sa aka ƙara wani, makulli ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun mataimakinsa, ya kafa dokar cewa mutum ɗaya ba zai taɓa riƙe su duka biyu ba, ko da shi ne da kansa.

Mataimakin nasa shi ne Mamman, magidanci mai shekara kusan arba'in. Ƙauyensu yana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya cinye, aka mayar da su sabon matsuguni a ƙasar Bebeji. Ya bar matarsa Safara'u a can tare da iyalin yayansa Ubale, ya zo Riruwai neman aiki. Mutum ne marar yawan magana, mai lura. Da ya zo ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma cikin shekara guda shi ke cika littafin sito, abin da ya shiga da abin da ya fita. Saje yana sonsa ƙwarai, ba ya kuma ɓoyewa.

Akwai kuma Sani, mutumin Tudun Wada, ɗan shekara talatin da ya gama firamare. Shi ke karɓo takardun shaidar da masu fasa dutse ke sa wa hannu in sun karɓi nakiya, ya jera su a ofis. Yana da ƙoƙari, sai dai yana da yawan gyara wa mutane magana, ko a gaban jama'a ne, wannan ya sa bai kwanta wa Saje a rai ba.

A ƙarshen 1975 takarda ta zo daga Kaduna. Za a yi kwas na wata uku ga masu tsaron ma'ajiyar nakiya da wuraren ƙera makamai, tsofaffin hafsoshin soja ne za su koyar, an ba kamfanin gurbin mutum ɗaya. Wanda ya je zai dawo da takardar shaidar jami'in tsaro, wadda zai iya samun aiki da ita ko'ina a ƙasar. Manaja, wani dattijo da ya tsufa a aikin kuza a Jos, ya ce Saje ya je da kansa. Saje ya ce shi ya riga ya yi nasa karatun a filin daga, a tura wanda zai gaje shi. Ya ba da sunan Mamman.

Abin ya yi wa Sani ciwo. Ya faɗa a fili cewa da Turanci za a yi kwas ɗin, Mamman kuwa bai wuce gaisuwa ba. Saje sai ya ƙara wa Mamman awa guda kullum yana koya masa kalmomin da zai ci karo da su. A watan Afirilu za a fara, har an ɗinka wa Mamman sabon kaki.

Duk wannan lokacin Mamman yana ɗauke da wata damuwa da bai gaya wa kowa ba. Yayansa Ubale manomin fadama ne, mai rake da albasa a da. Gonar da aka ba shi a sabon wuri tsakuwa ce. Ya gwada kamun kifi kamar yadda maƙwabtansa suka yi, amma hannunsa bai faɗa ba, duk komar da ya jefa sai itatuwan da ruwa ya binne su yayyaga ta. Baki goma sha ɗaya ne a gidan. Ya taɓa ganin leburorin madatsa sun jefa nakiya a ruwa kifi ya taso fari fat, abin bai fita daga ransa ba. Duk zuwan da Mamman zai yi gida sai Ubale ya roƙe shi nakiya sanda uku ko huɗu kawai. Mamman ya yi ta ƙi har wata takwas. Zuwansa na ƙarshe Ubale bai roƙe shi ba, ya dai zauna yana kallon yara suna rabon ɗan tuwon da bai kai ya ƙosar da rabinsu ba, wannan shirun kuwa ya fi roƙon damun Mamman.

Wata Litinin a watan Maris, da hantsi, aka aiko wa Saje cewa naƙudar Lantana ta zo da gardama, ungozoma ta ce a kai ta asibiti. Motar kamfani tana shirin tafiya Tudun Wada. A ranar kuma ƙarfe sha ɗaya masu fasa dutse za su zo karɓar nakiya, in ba a ba su ba aikin yini ya tsaya. Manaja yana Kano. Saje ya tsaya a bakin waya da makulli a hannu, direba yana ta danna oda. Ya san hanyar da ta dace ita ce ya ba Sani makullinsa don su zama biyu, amma Sani yana can ofis, Mamman kuwa ga shi a gabansa. Ya miƙa masa ya ce yau ɗaya ce, ya hau mota.

Lantana ta sauka lafiya, mace ta haifa. Saje ya dawo ran Talata da ƙwaryar goro yana raba wa mutanensa, ya karɓi makullinsa, ya duba littafi ya ga an rubuta sanda arba'in sun fita jiya, ya sa hannu.

Ran Laraba Sani ya same shi shi kaɗai a kan falalen dutse. Ya nuna masa takardar masu fasa dutse ta ran Litinin, sanda talatin da shida suka sa hannu sun karɓa, littafin sito kuwa ya ce arba'in. Saje ya dubi takardar, ya dubi Sani, ransa ya ɓaci.

“Malam Sani, tun da aka ba da sunan Mamman kake neman inda za ka kama shi. Masu fasa dutse sun saba kuskuren rubutu. Mayar da takardar nan inda ka ɗauko ta.”

Sani ya ce shi dai ya faɗi abin da ya gani. Ya ninke takardar ya sauka.

Ran Alhamis da safe Mamman ya tafi gida hutun kwana biyu da yake yi duk wata. Ya zo ya yi wa Saje sallama da jakarsa a kafaɗa, ya yi masa barka da haihuwa karo na biyu, bai ɗago ido ba. Wannan rashin ɗago idon ne ya tsaya wa Saje a rai yini guda. Ran Juma'a da sassafe ya gangara ramin haƙa ya sami shugaban masu fasa dutse. Mutumin ya ce talatin da shida suka nema, talatin da shida aka ba su, ramuka talatin da shida suka cusa, in Saje yana so ya zo ya ƙirga gurabensu.

Saje bai koma gida ya sauya riga ba. Ya tari motar itace zuwa Doguwa, ya sami wata ta ratsa dajin Falgore da shi zuwa Tudun Wada, daga nan ya hau bayan akori-kura. Duk tsawon hanyar lissafi ɗaya yake yi: ran Laraba, sa'ad da ya kori Sani, sandunan nan huɗu suna Riruwai, a ɓoye a wani wuri da bai fi taku ɗari daga inda yake tsaye ba.

Ya isa sabon matsugunin bayan la'asar. Tun daga bakin gari ya ga maza suna dawowa daga maƙabarta da fatanya da magirbi a kafaɗa. Ya tambayi wani dattijo wa ya rasu, aka ce masa Ubale ne, yau da safe, a ruwa.

Ya sami Mamman zaune a kan tabarma a ƙofar gida cikin masu karɓar gaisuwa. Saje ya durƙusa ya yi ta'aziyya kamar kowa, aka shafa fatiha. Bayan mutane sun ragu Mamman ya tashi ya ja shi bayan gida, wajen wani rumbu da babu komai a ciki. Ya gaya masa yadda aka yi ba tare da an tambaye shi ba. Shi ya yanka lagwanin nakiyar da hannunsa, ya nuna wa yayansa yadda zai kunna ya jefa nan take. Ya so ya shiga kwalekwalen, Ubale ya hana shi, ya ce kada a ga ma'aikacin kamfani a wurin. Mamman yana tsaye a gaɓa yana kallo. Rana ta yi haske a kan ruwa, Ubale bai ga wutar ta kama ba, ya kawo sandar kusa da fuskarsa don ya duba, sai ta fashe.

Mamman ya sa hannu a ƙarƙashin rumbun ya jawo ƙullin tsumma da sauran sanda uku a ciki.

“Saje, da makullinka na buɗe.”

“Na sani. Ni na ba ka.”

Kafin Saje ya bar garin mai unguwa ya kira shi gefe. Ya ce mutanen gari sun yi shawara za su ce ruwa ne ya ci Ubale. Mamman shi kaɗai ya rage mai ɗaukar gidaje biyu, in aka kama shi yara tara da mata biyu ba su da kowa. Ya roƙi Saje don Allah ya mayar da ukun nan inda suke ya rufe bakinsa. Saje ya ce ya ji, zai yi tunani. Ya kwana a masallacin garin, da safe ya kama hanya da ƙullin a cikin hularsa.

Ya yi tunanin kuwa, tunani mai tsanani. Littafi ya daidaita da abin da ke cikin sito. Ukun nan za a iya sa su cikin fashin dutsen mako mai zuwa. A kamfanin Sani kaɗai ne ya san da maganar. Da ya isa Riruwai ya kira Sani ya gaya masa komai. Sani ya ce shi ma yana da 'ya'ya, in Saje ya ga a yi shiru, takardar nan za ta iya ɓata, ba kuma zai taɓa tayar da maganar ba.

Wannan tayin ne ya yanke wa Saje shawara. Mutumin da ya zo masa da gaskiya ran Laraba, ga shi ran Asabar yana shirin ɓatar da takarda saboda shi. Ya ga cewa in ya amsa, abin da zai koya wa Sani ke nan, Sani kuma ya koya wa na bayansa, shekara biyun da ya yi yana gina mutanen nan ta tashi a banza. Ya kuma san akwai wasu masunta a bakin ruwan nan da suka ji ƙarar, suka kuma san daga inda nakiyar ta fito. Ya ce wa Sani ya adana takardar da kyau.

Ya zauna ya rubuta rahoto da hannunsa, shafi biyu. Ya rubuta abin da Mamman ya yi da halin da gidansu ke ciki. Ya rubuta cewa shi ya karya dokar makulli, ya kuma rubuta cewa an kawo masa shaida kwana biyu kafin mutuwar ya ƙi dubawa saboda son rai. Ran Litinin Mamman ya dawo da kansa, ba wanda ya aika a kira shi. Saje ya karanta masa rahoton tun daga farko har ƙarshe kafin su shiga ofis. Mamman ya ce haka aka yi, babu ƙari.

Manaja ya karanta ya cire tabarau. Ya fitar da Mamman waje, ya ce wa Saje ya sake rubutawa ya cire shafi na biyu. Ya ce doka ta tilasta masa kai maganar ga 'yan sanda da jami'in gwamnati mai ba da lasin nakiya, in suka ga wannan shafin ba zai iya riƙe shi a aiki ba, shi kuwa ba ya son rasa mutum biyu a rana ɗaya.

“Ranka ya daɗe, in na cire, Mamman zai tsaya gaban alƙali a matsayin wanda ya saci makulli. Bai sata ba. A bar shi yadda yake.”

Aka yi shari'ar a Kano. Saje ya ba da shaida, ya roƙa wa Mamman sassauci, aka yanke masa shekara ɗaya da rabi. Shi kuma Saje kamfani ya ba shi mako biyu ya miƙa aiki. Da Manaja ya tambaye shi wa zai riƙe wurin, ya ce Sani, shi ne kuma ya kamata ya tafi Kaduna.

A mako biyun nan bai huta ba. Ya zagaya da Sani ko'ina, ya nuna masa yadda ake gane nakiyar da ta fara gumi, da inda ruwa ke taruwa a bayan sito da damina. Ya gaya masa halin kowane mai gadi, wanda ake yi wa faɗa a keɓe da wanda sai an yaba masa yake ƙara himma. Ya ce masa ya rage gyara wa mutane magana a gaban jama'a, ya kuma riƙa tambayar mutanensa abin da suka baro a gida, domin shi ya yi shekara biyu yana koya wa Mamman rubutu bai taɓa tambayarsa me ake ci a gidansu ba. Ranar ƙarshe ya tara su duka a bakin waya, ya ba Sani haƙuri a gabansu kan abin da ya gaya masa a kan dutse. Ya miƙa makullinsa ga wanda Sani ya zaɓa mataimaki. Wasu daga cikinsu suka raka shi har tasha suna ɗauke da kayan Lantana.

Ya koma Kiru ya kama gonar mahaifinsa. Da kaka ya ɗora dawa buhu biyu a mota ya kai gidan su Mamman. Safara'u ta aiko daga cikin gida cewa ba ta so, wanda ya kai mijinta gidan yari ba zai ciyar da ita ba. Ya ajiye buhunan a zauren mai unguwa ya tafi. Da ya sake zuwa bayan wata huɗu ta karɓa, amma ba ta fito sun gaisa ba. A lokacin an riga an rarraba 'ya'yan Ubale gidajen dangi, biyu a Bebeji, uku a Rano, ƙaramar kuma ta rasu da ƙyanda.

Mamman ya fito a ƙarshen 1977. Ya kwana uku a gida ya kasa zama, domin duk inda ya juya a garin ruwan yake gani. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kwanar Dangora yana dako a tasha. Saje ya ji labari ya hau keke ya je. Ya same shi a gindin wata bishiyar maina, ya rame, gashinsa ya yi fari. Suka gaisa, suka tambayi iyali, Saje ya sayi rake suka zauna suna sha. Ya ba shi labarin cewa Sani ya gama kwas, har an ɗauke shi wani babban wuri a Kaduna. Mamman ya ce Allah ya sa alheri, ya cancanta. Sai ya tambayi Saje ko ya taɓa yin nadamar rahoton nan.

Saje ya ce rahoton bai taɓa hana shi barci ba. Ranar Laraba ce take hana shi.

Wata babbar mota ta tsaya da buhunan masara, aka ƙwala wa 'yan dako kira. Mamman ya miƙe da ƙyar, ya naɗe gammonsa, ya ce Saje ya gaida Lantana da yara. Saje ya zauna yana kallonsa yana sauke buhu har na biyar, sannan ya tura kekensa ya hau hanyar Kiru. Ba su sake haɗuwa ba. Da damina ta zagayo aka aiko masa cewa Mamman ya rasu da ciwon ƙirji, saƙon kuma bai iso shi ba sai bayan sadakar bakwai.